Ba a Cika Ganinsa Ba

Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai, riɗi ya ɗaura 'ya'ya. Na je Gagarawa Tasha ganin gida, na tarar da ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, da wani jan layi a wuya kamar an ɗosana masa bayan wuƙa mai zafi. Daga ƙasan kunne ya taso har gindin wuya, gefe da gefensa ƙananan ƙuraje masu ruwa. Ya ce shekaranjiya da dare yana bitar karatu a gindin fitilar sola sai ya ji abu yana bin wuyansa, ya sa hannu ya murje. Bai ji cizo ba, bai ji harbi ba. Sai da aka kwana aka wuni sannan wurin ya ɗauki zafi.

Gwaggonmu, wadda ita ce babba a gidan yanzu, ta kama haɓarsa ta karkata shi wajen haske. Ta ce, "Fitsarin gwauro ne. Kar ka sosa, ɗan nan, zai bushe."

Na ce, "Gwaggo, hangara ke nan?"

Ta ce, "Ko ita, ko ƙanenta. Akwai wani ɗan siriri mai bin fitila, shi ma haka yake yi."

Na ce, "Shi mene ne sunansa?"

Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Wani ɗan ƙwaro ne dai."

Da dare na shimfiɗa farin ƙyalle a gindin wannan fitila na zauna. Ƙwari suka zo kamar an yi musu shela: gyare, ƙananan fari, 'yan buzuzu, da tarin masu fukafukai da ke ta karo da gilashi. Can sai ga shi. Siriri ne, tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, kamar doguwar ƙwayar shinkafa. Kansa baƙi, ƙirjinsa ruwan goro, tsakiyar bayansa shuɗi mai duhu yana ƙyalli, sai ciki ruwan goro kuma, can ƙarshe baƙi. Da gudu yake tafiya, ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma da na kai tsinke kusa da shi sai ya ɗaga bindinsa ya lanƙwaso kamar kunama. Mai gaggawa zai ce wata tururuwa ce mai son ado.

Hangara mun san ta. Babba ce, jikinta da taushi, ita ce mai sauka a kan gero idan ya yi bununi ta cinye furen, kuma in ta sami fatar mutum bororo yakan tashi cikin 'yan sa'o'i. Wannan ɗan siriri kuwa gidansu daban. Masana ƙwari suna kiran jinsinsa Paederus, sunan da Fabricius, mutumin Danmak, ya raɗa a 1775. Wanda aka fi ambata a Nijeriya shi ne Paederus sabaeus, wanda Erichson Bajamushe ya bayyana a 1840. Kalmar ta biyu a Latin tana nufin "na Saba", ƙasar Bilkisu, kuma duk sanda na gan ta nakan tuna cewa a Suratu Saba'i ne aka ba da labarin 'yar halittar da ta ci sandar Annabi Sulaimanu, wadda malaman tafsiri suka ce gara ce.

Ba shi da ƙari, bakinsa kuma ba ya huda fatar mutum. Dafinsa a cikin ruwan jikinsa yake, wani sinadari da ake kira federin, wanda Pavan da Bo suka yi wa suna a Italiya a 1953. A 2002 binciken Jörn Piel a Jamus ya nuna cewa wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikinsa ne suke haɗa dafin. Matansu ne suka fi ɗauke da shi, suna zuba shi cikin ƙwansu, ya zama kariya ga 'ya'yansu daga gizo-gizo. Wato in ya bi ta jikinka ya wuce, ba abin da zai same ka. Hannun da ya murje shi ne ya shafa dafin, shi ya sa ƙunar take fitowa a miƙe, a kan hanyar da yatsa ya bi. A Kenya suna ce masa ƙudan Nairobi, duk da cewa bai haɗa komai da ƙuda ba, kuma ya addabe su ƙwarai bayan ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998. A kudancin ƙasar nan wasu suna masa laƙabi da siket-da-bulawus saboda kalarsa biyu. Likitoci George da Hart sun rubuta labarin ɓarkewar ƙunarsa a kudancin Nijeriya a 1990, Okiwelu da abokan aikinsa kuma suka rubuta na Jihar Ribas a 1996.

To wannan shi ne sananne a gidansu, kuma ƙuna ce ta sa aka san shi. Gidan nasu, wanda ake kira Staphylinidae, yana cikin mafiya girma a dukkan halittu masu rai: irin da aka riga aka yi wa suna sun haura 60,000. Tsuntsayen duniya kakaf kusan iri 11,000 ne. Alamar gidan ita ce gajeren murfin fukafuki, wanda ba ya rufe ciki, kamar mutum ya sa 'yar shara. A ƙarƙashin wannan ɗan murfi suke ninke dogayen fukafukansu, suna taimaka wa ninkin da bindi, yadda ake ninke babbar riga a cusa ta cikin ƙaramin adudu. A 2014 Kazuya Saito na Jami'ar Tokyo ya ɗauki hoton ninkin da kyamara mai sauri, ya gano cewa fiffiken dama da na hagu ba salon ninki ɗaya suke bi ba.

Mafi yawan mutanen wannan gida baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, ƙanana, ba sa ƙona kowa. A 2001 Lee Herman ya fitar da kundin sunayensu a Amurka, juzu'i 7, bai ma gama da dangin duka ba. Mai buɗe irin waɗannan littattafai zai yi ta cin karo da ƙwaron da duk tarihinsa bai wuce layi biyu ba: sunansa, sunan wanda ya raɗa, shekara, da garin da aka kama shi. Da yawansu gawa ɗaya ce shaidarsu a duniya, manne a ɗan kwali, soke da allura, cikin akwati a Landan ko Shikago. Idan wani masani ya sake cin karo da irinsa bayan shekara hamsin, sai ya rubuta maganar da in an mayar da ita Hausa za ta zama: ba a cika ganinsa ba, ba a san rayuwarsa ba.

Wannan "a" ɗin ce ta tsaya mini a rai. Bahaushe ya san aikinta. Da ita muke sakaya mai aiki idan ba mu son kama suna. Matar aure mai kunya ba za ta ce mijinta ya fita ba, sai ta ce "an fita". Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, sai ta ce "an dawo daga makaranta?" In abu ya ɓace a gida kuma ana zargin na gida, sai a ce "an ɗauka". Mai yaɗa jita-jita da "an ce" yake fakewa. Ƙaramar kalma ce mai rufin asiri, tana da amfani wajen zaman tare, amma tana iya sa mai sauraro ya ɗauka cewa duniya ce duka take magana, alhali mutum uku ne. Idan aka ce ba a cika ganin ƙwaro kaza ba, su wa ke nan? Kazar gidanmu tana ganinsa kullum ta tona juji. Ƙadangare yana ganinsa. Yaron da aka aika ya kwashe taki zuwa gona ya gan shi yana gudu a kan mangala. Waɗanda ba su cika ganinsa ba su ne masu raga da kwalba da alƙalami, kuma su 'yan kaɗan ne, ba su cika zuwa nan ba.

Ina girmama mutanen nan. Max Bernhauer, wanda ya rayu daga 1866 zuwa 1946, aikinsa tabbatar da takardun shari'a ne a garin Horn na ƙasar Ostiriya, amma ya bayyana ƙwarin wannan gida sama da iri 5,000. Malcolm Cameron, likitan sojan ruwan Ingila, wanda ya rasu a 1954, ya bayyana sama da 4,000. Mutum biyu, suna sama da 9,000. Sai dai yawancin abin da suka gani daga Afirka aiko musu aka yi, kuma mai aikowa yana kamawa ne a inda ƙafarsa ta tsaya: bariki, gidan saukar baƙi, gonar gwaji, bakin layin dogo. Taswirar ƙwarin da aka rubuta tana bin sawun matafiya. Har bayan 'yancin kai haka abin yake. Jerin ƙwarin Nijeriya da J. T. Medler ya wallafa a 1980 ya fito ne daga hannun mutumin da ya zauna a Ile-Ife, babbar ma'ajiyar ƙwari ta arewa kuma tana Samaru, Zariya. Tsakanin Samaru da Gagarawa akwai tafiya.

Garin namu ma sunansa shaida ne. "Tasha" aro ce daga Turanci. Layin dogo ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Taura da nan da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930, inda jirgi ya tsaya kuma gari ya tsiro, aka bambanta shi da tsohon gari da wannan kalma. An yi rubutu a tashar nan, ba kaɗan ba. An rubuta nauyin gyaɗa, an rubuta lambar tarago, an rubuta haraji. Ƙwaro kuwa ba ya shiga littafi sai ya taɓa buhu. Darɓa ta shiga, domin ita ce ta yaɗa cutar da ta durƙusar da gyaɗar arewa a 1975, kuma dattawan ƙasar Gumel ba su manta da shekarar ba.

Mu ma masu harshen, a kan wannan ma'auni muka raba sunaye. Hausa ba matalauciya ba ce a fagen ƙwari. Al'umma guda ta cikin suri mun ba ta suna uku: gara mai cin itace, zago mai babban kai, shinge mai fitowa da fukafukai a farkon damina, wanda yara ke tarawa a soya. Tururuwa daban, cinnaka daban, kiyashi daban, shazumamu daban, kwarkwasa daban. Fara muna cinta da yaji, ita ma tana cin gonarmu, don haka mun san ta har da babe. Kaska ta zama kirarin mai manne wa mai abin hannu. Wasu kuma don sha'awa muka raɗa musu: wanda ya fara kallon fukafukai biyu suna buɗewa suna rufewa ya ce malam-buɗe-littafi, wannan mawaƙi ne ko bai taɓa rera baiti ba. Zanzaro ma ya biya mu ladan sunan da muka ba shi, don daga siririn ƙugunsa muka sami kalmar cusa riga cikin wando. Duk wanda ya cije mu, ko ya ci abincinmu, ko muka ci shi, ko ya burge idonmu, ya sami suna. Wanda ya yi mana aiki a ɓoye shi ne ya tashi a "wani ɗan ƙwaro".

Kuma aiki suke yi. Ranar Alhamis a Maigatari, raƙuma da shanu da raguna daga Nijar da ƙauyukan kewaye suna cika kara, su bar kashi mai yawa. Buzuzu kowa ya san shi a wannan fage, yana mirgina rabonsa a bainar jama'a. Amma a cikin kashin shanu da juji da ruɓaɓɓen ganye, ko'ina a duniya, mutanen wannan gida na masu gajeren murfi ne suke farautar ƙwan ƙuda da tsutsarsa. Akwai jinsin Aleochara, wanda 'ya'yansa ke huda kwanson da tsutsar ƙuda ta shiga don ta rikiɗa, su cinye ta a ciki, ƙudan bai fito ba. Shi kansa mai ƙunar, a gonar shinkafa da fadama maharbi ne, ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye yake ci, kuma a irin damshin fadamun Haɗejiya zuwa Nguru danginsa suka fi jin daɗi. Wasu kuma a Afirka sun tare cikin suri, sun kumbura ciki, gara tana ciyar da su kamar 'ya'yanta. Wasu suna tafiya cikin rundunar kwarkwasa, sun yi kama da ita har ba ta gane baƙo. Mutum zai yi shekara sittin yana wuce suri a hanyar gonarsa, ya huta a inuwarsa, bai san a cikinsa akwai masu zaman haya ba.

Kalmar "ƙwaro" kanta ta cancanci a tsaya a kanta. Ita ce buhun da muke zuba duk abin da sunansa ya ƙare mana, mai tashi da mai rarrafe. Da ita muke raina abu. Da ita kuma muke yabon gwani: wane ƙwaro ne a lissafi, wance ƙwaro ce a ɗinki. Kamar harshen ya lura tun tuni cewa a ƙaramin jiki ake samun iyawar da ke ba da mamaki, sai ya ajiye raini da yabo a kalma guda. Abin da ya rage shi ne mu kwance bakin buhun mu ga abin da muka tara a ciki.

Ban ɗauki amsar Gwaggo a matsayin kuskure ba. Ita ciwon ta raɗa wa suna, don ciwon ne ya shigo mata gida, kuma ta san cewa masu haddasa shi biyu ne, babba da siriri, abin da ma'aikacin lafiya ma kan iya ruɗewa a kansa ya ɗauka wata cutar fata ce. Erichson jikin ya raɗa wa suna, don jikin ne ya isa teburinsa a Balin, bai san gindin fitilar da aka kama shi ba, bai san wuyan da ya ƙone ba. Kowannensu yana riƙe da rabi. Ana cewa suna linzami ne. Linzamin Latin yana sa masanin Japan da na Barazil su gane dabba ɗaya suke nufi. Linzamin Hausa shi ne zai sa uwa a Gagarawa ta ce wa ɗanta "kar ka murje wancan" ya gane wanne take nufi kafin hannunsa ya kai.

An taɓa haɗa linzaman biyu a fagen tsirrai. A 1916 J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a arewa, ya fitar da ɗan littafin da ya jera sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa, kowanne da takwaransa na Latin, kuma har yau masu binciken magungunan gargajiya suna komawa gare shi. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana mana sunayen ƙwari masu yawa, amma ƙamus yakan tsaya a "wani irin ƙwaro ne", domin mai tattara kalmomi ba mai riƙe da madubin ƙara girma ba ne. Ƙwari suna jiran irin hidimar da aka yi wa tsirrai. A ƙasar Gumel ma aikin zai fi armashi, don harshe ba ɗaya ba ne: masarautar asalinta na Mangawa ne, ga kuma Fulani makiyaya da suka fi kowa sanin abin da ke motsi a ƙarƙashin kashin shanu.

Abin da ya sa nake ganin gaggawa shi ne abubuwa biyu suna ƙarewa tare. A da manomi da fartanya yake yaƙi da ciyawa, yana sunkuye, idonsa a ƙasa, yana ganin duk mai gudu. Yau kusan kowace gona akwai mai goyon tankin feshi, a tsaye yake tafiya, kuma maganin ƙwari ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne mai gadi. Tsofaffin da suka san bambancin babba da siriri suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma sun fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Sifen. Ƙwaron da aka gani sau ɗaya a 1930 yana iya kasancewa yana nan da yawa a gindin wata kuka tsakanin Gagarawa da Maigatari. Yana iya kuma ɓacewa a damina biyar masu zuwa, littafi kuma ya ci gaba da cewa ba a cika ganinsa ba, kamar babu abin da ya sauya.

Aikin ba mai tsada ba ne. Farin ƙyalle, fitila, ƙaramar kwalba da ɗan sifirit, fensir, da wayar da ke ɗaukar hoto. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana nan kusa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Ina roƙon malaman kimiyyar halittu da malaman Hausa na waɗannan makarantu su riƙa tura ɗalibansu tare, biyu-biyu, ɗaya ya kama ya adana, ɗaya ya zauna gaban dattijo ya rubuta abin da ya kira shi da abin da ya sani game da shi. Kowace kwalba a sa mata takarda: gari, rana, shekara, inda aka same shi, a juji ne ko a suri ko a gindin fitila, da sunan gida in akwai. In babu, a rubuta cewa an tambaya, a kuma rubuta wa aka tambaya, kada a sake fakewa da "an ce".

Wuyan ɗan yayata ya bushe cikin mako biyu, ya bar ɗan baƙin tabo da ya daɗe kafin ya washe. Yanzu in ya ga siririn a kan littafinsa hure shi yake yi, ya koya wa ƙannensa ma.

Kai ma mai karatu, in ya sauka a jikinka, hure shi ko ka ture shi da takarda. In ka riga ka murje, wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, kada hannun ya kai ido, in kuma ido ya kamu a je asibiti. Sannan ka nuna shi ga mafi tsufa a gidanku ka tambayi sunansa, ka rubuta abin da aka faɗa maka, da sunan garinku da kwanan wata.